Me Ya Sa Muke Ɓoye Ainihin Ra'ayinmu Game da Littattafan Hikaya?

A wajejen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da nake makarantar sakandare a nan Jos, akwai wani ɗan shago a wani lungu da ke tsakanin Babban Masallacin Juma'a da Dilimi inda ake ba da hayar littattafan Hausa. Yawancin littattafan sun sha hannu har bangonsu ya ɗaye, mai shagon ya ɗinke su da zare ya manna musu kwali, kuma da wuya ka buɗe ɗaya ba ka tarar da rubutun wani a gefen shafi ba. A cikin wani littafin zaman aure da na karɓo wa yayata, a daidai inda uwar miji ta kori matar ɗanta da tsohon ciki, wata ta rubuta da jan biro cewa, "Allah ya isa." A ƙarƙashin wannan sai wata ta amsa mata da baƙin biro: "Ita ma ai ta taɓo, ki koma shafi na 40 ki ga abin da ta faɗa wa tsohuwar." Na koma shafi na 40, na kuwa tarar mai baƙin biro tana da hujja. Ban san ko wace ce ba, amma har yau ina ɗaukarta a matsayin mai sharhin adabi ta farko da na fara karantawa, domin ta faɗi ra'ayinta, ta kuma nuna inda ta samo shi.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne yadda na lura cewa, idan aka tambaye mu ra'ayinmu game da wani ƙagaggen labari a cikin mutane, amsarmu ba ta wuce biyu. Ko dai mu ce littafin yana da darasi, ko kuma mu ce yana ɓata tarbiyya. Da wannan mudu guda muke auna littafin soyayya, da na yaƙi, da na 'yan sanda da ɓarayi, da na aljanu, da na barkwanci, kamar dai duk hatsi ɗaya ne aka zubo daga buhu ɗaya. Ni kuwa a ganina wannan amsa tufar fita unguwa ce kawai. Ainihin ra'ayin mai karatu Bahaushe ya fi haka kaifi nesa ba kusa ba, sai dai yana barinsa a ɗaki, kuma wannan ɓoyo yana cutar da marubuta fiye da yadda zagi yake cutar da su.

Na ga wannan da idona a shagon wani tsohon tela a Unguwar Rogo, wanda ba ya da abin sha'awa kamar littattafan yaƙi. Idonsa ya yi rauni, saboda haka wani yaronsa ne yake karanta masa yayin da shi yake taka keke. Wata rana da hantsi, ana wannan sanyin na Jos mai shiga ƙashi, na je karɓar ɗinki na tarar ana tsakiyar karatu, sai na ce masa, "Baba, me ake samu a irin waɗannan littattafai haka?" Bai ɗago ba ya ce mini, "Darasi mana. Jarumta da dogaro ga Allah." Ba a fi minti goma ba sai na ji keken ya tsaya cak. Ya sa yaron ya maimaita sakin layin, sannan ya cire tabarau ya ce, "Kai, wannan marubucin ya ci amanarmu. Tun daga littafi na ɗaya yake zuga mana sadaukin nan, ya ce shi kaɗai yake tarar runduna, yau kuma an zo karon da muke jira ya kashe shi a layi uku. Gajiya ya yi da rubutun, ba wani abu ba." Wannan magana ta biyu ita ce ra'ayinsa na gaskiya, kuma duk malamin adabin da ya san aikinsa zai sa hannu a kanta, domin magana ce a kan alkawarin da marubuci ya ɗauka wa mai karatu sannan ya saɓa. Amma da a ce wani ɗan jarida ne ya miƙa masa makirufo, na tabbata amsar farko kaɗai zai bayar.

Abin mamaki shi ne tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na boko a ƙasar Hausa bai zo da fuska ɗaya ba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East ta fitar da littattafai biyar waɗanda kowanne ya kama gabansa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da barkwanci, Ganɗoki na Bello Kagara yaƙi ne da jarumta har da aljanu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na zamanin bauta, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo na ɓarayi ne, Jiki Magayi kuwa, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, soyayya ce da ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya. Ka tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a firamare abin da ya rage masa a ka, za ka ji ya fara dariya yana ba ka labarin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna ƙeta. Ba wanda ya riƙe littafin nan shekara arba'in a zuciyarsa saboda wa'azi. An riƙe shi ne saboda daɗin Hausarsa da iya shirya dariya, kuma wannan ba abin kunya ba ne da za a ɓoye.

To daga ina wannan kalma ta darasi ta samu sarautar da take yi? Ina ganin tushenta uku ne, kuma ba wanda ya rasa dalili a cikinsu. Rubutun da Bahaushe ya gada kafin zuwan boko na malamai ne, na waƙoƙin wa'azi da fiƙihu da tarihi, labarin ƙirƙira kuwa tatsuniya ce ta tsofaffi da yara da dare, har East kansa ya sha wahala kafin ya shawo kan malaman wancan zamani su yarda cewa rubuta abin da bai faru ba aiki ne na mai hankali. Sannan littattafan farko makaranta aka yi wa su, makaranta kuwa tambayarta kullum ita ce a kawo jigo a warware shi, har muka tashi muna zaton karatun littafi shi ne farautar jigonsa. Na uku, wanda ya fi sauran tasiri a kan marubutan yau, shi ne dukan da littattafan soyayya suka sha tun da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980. An yi doguwar muhawara a jaridu a shekarun 1990, inda malamin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, malamai irin su Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya musu, sannan a 2007 aka ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano bisa zargin suna lalata 'yan mata 'yan makaranta. Wanda aka taɓa ƙona wa littafi ba a koya masa neman garkuwa, kuma garkuwar da ta fi kusa da hannu ita ce ya rubuta a shafin farko cewa ya yi littafinsa ne don faɗakarwa.

Illar ita ce garkuwar ta shiga cikin labarin kansa ta zauna. Duk mai karatun da ya daɗe a harkar ya san yadda ɗimbin littattafanmu suke ƙarewa: muguwar kishiya ta haukace tana bin bola, azzalumin alhaji ya yi haɗarin mota ya shanye, yarinyar da ta bi duniya ta kwaso cuta, sannan a tara dangi a falo wani dattijo ya yi jawabin shafi huɗu. Sau da yawa marubuciyar ta gina mutanenta da kyau a littafi na ɗaya da na biyu, ta sa mun ji tausayin muguwar ma saboda mun ga abin da ya mayar da ita haka, amma da ta zo na uku sai ta tuna cewa za a tambaye ta darasi, sai ta aiko da tirela ta gama da kowa. Mu masu karatu a ɗakunanmu muna tsaki, muna cewa an yi mana gaggawa, amma a fili sai mu yaba mu ce ta nuna ƙarshen mugu. Ta ina za ta san ta yi kuskure? Wani abin da ya fi wannan ban takaici shi ne mudun bai ma iya aikin da aka ɗauko shi domin shi ba, domin masu rubuta batsa tsagwaronta a intanet su ma da shi suke fakewa. Za a yi babi hamsin ana zuba abin da ba ya karantuwa a gaban surukai, a babi na hamsin da ɗaya tauraruwar ta tuba, a ce ai darasi ne ga 'yan baya.

Kowane irin labari yana da alkawarin da yake ɗauka, kuma a kan wannan alkawari ya kamata a fara kama shi. Wanda ya rubuta labarin bincike ya yi alkawarin cewa zai ɓoye mini mai laifi ba tare da ya yi mini ƙarya ba, ya zuba alamu a hanya yadda idan na kai ƙarshe zan dafe kai in ce ashe tun a babi na uku aka nuna mini. Idan kuwa jami'in binciken nasa mafarki ya yi ya gano ɓarawon, ko kuwa wani boka ne ya faɗa masa, to littafin ya faɗi ko da kowane shafi nasiha ne. Mai labarin ban tsoro kuma aikinsa ya fi wuya a wurinmu fiye da yadda ake zato, domin yana rubuta wa mutanen da suka yarda da samuwar aljanu, suka tashi da labarin mayu da fatalwa, saboda haka ba ya burge kowa da jero ƙahoni da jajayen idanu. Wanda ya iya shi ne wanda zai sa ka kasa zagayawa bayan gida da dare saboda ƙarar buta kawai. Littafin yaƙi dai tsohon tela ya riga ya faɗi hukuncinsa. Na barkwanci idan bai ba da dariya ba ya mutu, babu wata magana. Labarin kimiyya kuwa, wanda wasu suke ɗauka baƙon abu ne, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, kuma rashin yawaitar irinsa yana da nasaba da cewa ba a san da bakin da za a yabe shi ba a wurin da ba a tambayar komai sai darasi.

Inda ɓoyon ra'ayi ya fi muni shi ne a kan littattafan soyayya da zaman aure, kuma a nan mu maza ne manyan masu laifi. Na san maza da yawa, har da masu furfura, waɗanda za su ce maka ba sa karanta littattafan mata, amma idan hira ta yi hira sai ka ji sun san sunan kowace tauraruwa da wanda ta aura. Sun karanta na matansu ne ko na ƙannensu, ko kuwa sun saurara a rediyo a cikin mota da gilashi a rufe. Wannan raini ya sa ba a ɗauki ra'ayin mata masu karatu da muhimmanci ba, alhali su ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa da kuɗin cefanensu shekara da shekaru, kuma su ne suka fi kowa sanin inda marubuci ya yi ƙarya. Mace ta san yadda kishiya take magana idan miji yana nan da yadda take yi idan ya fita, ta san abin da bazawara take ji ranar da ta koma ɗakin uwarta da 'ya'ya uku, kuma idan marubuci ya kuskure wannan da taƙi ɗaya za ta gane. Sunan soyayya ma da aka laƙaba wa rukunin gaba ɗaya ya rufe abubuwa da yawa. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da ya fito a 1980, zuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, abin da matan nan suke tattaunawa shi ne auren dole, da sakin wulaƙanci, da karatun 'ya mace, da haƙƙin da miji yake dannewa. Waɗannan su ne shari'o'in da suka cika kotunanmu. Ma'aunin irin wannan littafi shi ne ko mutanen cikinsa mutane ne da za ka iya haɗuwa da su a gidan suna a Gangare ko Rikkos, ko kuwa gumaka ne da aka sa wa leshi. A nan ne ma zan faɗi nawa ƙorafin, wanda na san mata da yawa suna yi a tsakaninsu: an gaji da saurayin da yake da kamfani a Dubai yana ɗan shekara 27, mai fuskar da ba ta dariya, wanda zai wulaƙanta yarinya babi talatin sannan a ce mana so ne yake ɓoyewa.

Ba ina cewa a jefar da maganar tarbiyya ba. Ni uba ne, kuma akwai littattafan da ba zan bari su kwana a wayar 'yata ba, ko da wane ne ya rubuta su. Iyayen da suka damu da abin da 'ya'yansu suke karantawa suna kan gaskiyarsu, musamman yanzu da labari yake shigowa ta WhatsApp ba tare da ya bi ta hannun maɗaba'a ko mai shago ba. Abin da nake ja a kai shi ne tambayoyi biyu ne aka cure wuri ɗaya. Ko littafi ya dace da yarinya 'yar shekara 14 tambaya ce, ko littafin ya ginu kuma wata tambaya ce daban, kuma littafi yana iya tsallake ɗaya ya faɗi a ɗayar. Akwai littafi mai tsabta wanda ba ya karantuwa saboda lami, akwai kuma wanda ya ginu ƙwarai amma na manya ne. Wanda ya ce duk littafin da ya nuna mugun abu yana koyar da shi ne, to sai ya fara da Jiki Magayi, wanda aka yi shekaru ana karantawa a makarantu alhali ramuwar gayya ce tun daga tsakiyarsa har ƙarshe.

Akwai kuma wani fuska biyu da 'yan bokonmu suke yi wanda ya kamata a faɗa. Lokacin da Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen garin nan, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016, mun yi murna ƙwarai, kuma ya cancanta. Littafin da ya ci kyautar da shi, Season of Crimson Blossoms, labari ne na wata dattijuwa da mijinta ya rasu wadda ta faɗa mu'amala da wani matashi ɗan daba. Masu karatun Turanci a cikinmu sun zauna sun tattauna salonsa da yadda ya gina matar, da yadda rikicin Jos ya bar tabo a rayuwarta, ba wanda ya tsaya a kan darasi kaɗai. Ina da yaƙinin cewa da wata marubuciya ce ta kawo wannan labari da Hausa, da yawa daga cikin waɗannan mutane ba za su kai shafi na ashirin ba za su yanke mata hukunci. Wato mun yarda mai rubutu da Turanci ya yi adabi, mai rubutu da Hausa kuwa sai dai ya yi wa'azi ko ya yi laifi.

Zamanin waya ya ƙara wa lamarin wani ƙulli. A da ra'ayin mai karatu yana zuwa ne bayan an buga littafi an sayar, yanzu kuwa marubuciya tana sakin labari babi-babi, masu karatu sun biya kuɗinsu suna jira, kuma ra'ayinsu yana isa gare ta tun labarin bai kai rabi ba. Wannan dama ce da su Abubakar Imam ba su samu ba, amma dubi abin da muke yi da ita. Rabi addu'a ce da kirari, Allah ya ƙara basira, alƙalaminki ya fi takobi. Sauran rabin kuma umarni ne, a kashe wance, kada wane ya auri wance, har marubuciya mai raunin zuciya ta karkatar da labarinta zuwa inda aka fi ihu. Wanda kuwa ya yi ƙarfin hali ya ce babi na goma ya saɓa wa na huɗu, sai masoya su yi masa ca, a ce hassada ce. An mayar da gyara gaba, alhali marubucin da ya san ciwon kansa ya fi buƙatar mutum ɗaya mai baƙin biro fiye da mutum ɗari masu kirari.

Kwanakin baya 'yar yayata, wadda take karatu a Jami'ar Jos, ta zo gidana hutun ƙarshen mako, na gan ta manne da waya tun safe, da la'asar kuma na ga ta ajiye ta tana tsaki. Na tambaye ta yadda ta ga littafin. Ta gyara zama ta ce, "Ba laifi, Kawu, akwai darussa a ciki." Na ce mata ni ba malaminta ba ne, ba kuma maki zan ba ta ba, ta faɗa mini abin da ya sa ta yi tsaki. Ta yi dariya, ta ɗauko wayar ta nemo wurin ta miƙo mini. Marubuciyar ta kawo tauraruwarta Jos ne a watan Disamba, ta sauke ta a wani gida a Rayfield, sannan ta rubuta cewa da tsakar dare zafi ya hana ta barci har ta fito tsakar gida tana fifita da mayafi.

"Kawu, wannan ba ta taɓa kwana a garin nan ba," in ji ta. "Idan ta yi mini ƙarya a kan sanyin da na sani, yaya zan yarda da ita a kan zuciyar mutum? Babi goma sha biyu ya rage, kuma na riga na biya, amma na haƙura."

Na tambaye ta ko za ta rubuta wa marubuciyar wannan magana kamar yadda ta faɗa mini. Ta ce a'a, ita dai za ta tura mata Allah ya ƙara basira, domin ba ta son a ce ta cika iyayi.